Sarkin Yamma: Yadda ɗalibi ke koya wa mutum-mutumi tafiya a cikin tsohuwar kwamfuta

Daga wakilinmu a Maraɗi

A bayan wani shagon cajin waya a Sarkin Yamma, ƙaramar hukumar da ke yamma da birnin Maraɗi cikin gundumar Madarunfa, na tarar da wani saurayi zaune kan benci, kwamfuta a cinya, yana kallon sanda tana faɗuwa.

Sandar a cikin allon kwamfutar take, an kafa ta a kan wani ɗan keke mai kai da komo a layi ɗaya. Ta karkata dama ta faɗi. Ta dawo tsaye, ta karkata hagu ta sake faɗuwa. Yaran da suka kewaye shi sun ɗauka gem ne, har wani ya nemi a ba shi ya buga. Sai dai babu mai bugawa. Kwamfutar ce da kanta take tura keken gaba da baya, tana laluben yadda za ta hana sandar faɗuwa, irin wasan da yara ke yi da karan dawa a tafin hannu.

Bayan kamar minti goma sandar ta fara daɗewa a tsaye. Kafin a kira la'asar ta daina faɗuwa, tana cika taki 1,000 da aka ƙayyade wa kowane zagaye. Babu wanda ya rubuta wa kwamfutar dabarar daidaita sanda. Abin da aka gaya mata guda ne: duk takin da sanda ta yi a tsaye, an ci maki ɗaya.

Saurayin ɗan garin ne, yana shekarar ƙarshe ta digirin farko, wanda a nan ake kira lisans, a wata babbar makaranta a Maraɗi. Hutun damina ya dawo da shi gida: safiya ta gona ce, yamma ta kwamfuta. Kwamfutar ta gwanjo ce da aka sayo daga Kano bayan mahaifiyarsa ta sayar da tumakinta biyu. Aikin kammala karatunsa a kan ɗan keken gona mai tuƙa kansa ne, kuma ya shaida mini cewa ba shi da kuɗin sayen ko injin taya ɗaya. Idan aikin bai tashi a cikin wannan kwamfutar ba, babu inda zai tashi.

Na shafe kwana huɗu ina zuwa wurinsa, na kuma bi sawunsa na ɗora manhajojin a tawa kwamfutar don in ga inda gizo ke saƙa.

Gini kafin gini

Abin da yake amfani da shi ana kiransa manhajar kwaikwayo. Duniya ce ta ƙarya da aka gina da lissafi, amma tana bin dokokin duniyar gaske. Mutum zai rubuta fayil ya bayyana mutum-mutuminsa: nauyinsa kilo kaza, tayoyinsa huɗu, tsawon hannunsa kaza, wannan gaɓar tana lanƙwasawa zuwa nan ta tsaya. Ita kuma manhajar ta ɗora masa nauyin da ke jan komai ƙasa, da santsi ko kaushin daɓe, da abin da zai faru idan ya yi karo da bango. A manhajar MuJoCo, idan ba a sauya saitin ba, ana sake wannan lissafin sau 500 a kowace daƙiƙa ɗaya ta duniyar ƙaryar.

Amfanin a fili yake. Mutum-mutumin ƙarfe idan ya faɗi sau goma sai gyara. Na cikin kwamfuta zai faɗi sau miliyan ya tashi ba ko ƙwarzane. Kuma koyo irin na sandar nan faɗuwa yake ci: sai an gwada an kasa sau dubbai kafin a gane hanya.

Manyan cibiyoyin bincike ma haka suke yi. A Oktoban 2019 kamfanin OpenAI na Amurka ya nuna hannun mutum-mutumi yana juya kwalin wasan nan mai launuka shida da ake kira Rubik, kuma duk horon da hannun ya samu a duniyar kwaikwayo ya same shi. A 2021 masu bincike a jami'ar ETH da ke Zurich a ƙasar Switzerland suka zuba kwafi 4,096 na mutum-mutuminsu mai ƙafa huɗu, ANYmal, a fili ɗaya na kwaikwayo, duka suna koyo lokaci guda. Cikin ƙasa da minti huɗu ya iya tafiya a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, cikin kusan minti ashirin ya iya ta kan gargada da matakala. Daga nan aka kwashe abin da ya koya aka zuba a na ƙarfen, ya miƙe ya yi tafiya.

Kayan da suka zama na kowa

Abin da ya sa labarin ya iso bencin Sarkin Yamma shi ne yawancin waɗannan manhajoji yanzu ba a sayensu.

Gazebo, wadda aka faro a 2002 a Jami'ar Kudancin Kaliforniya, tun asali a buɗe take. Haka ma ROS, wadda ta samo tushe a 2007 tsakanin Jami'ar Stanford da kamfanin Willow Garage. Webots, da aka faro a 1996 a birnin Lausanne, ta shafe shekara 20 ana sayar da lasisinta kafin a sake ta kyauta a Disambar 2018. MuJoCo kuwa, wadda Farfesa Emo Todorov na Jami'ar Washington ya ƙirƙira, ita ma da kuɗi ake samunta har zuwa Oktoban 2021 da kamfanin DeepMind ya saye ta ya ce kowa ya ɗauka, sannan a Mayun 2022 ya buɗe lambobin cikinta.

Kowace da aikinta. ROS ba ta kwaikwayon komai, aikinta isar da saƙo tsakanin sassan mutum-mutumi. Ɗalibin ya kwatanta mini ita da gidajen rediyo: kyamara tana watsa abin da ta gani a tasharta, na'urar auna nisa tana watsa nata, ƙwaƙwalwa tana kama tashoshin biyu ta yanke shawara, sannan ta watsa umarni a tashar da tayoyi ke saurare. Daɗin abin shi ne tayoyin ƙarya da na gaske tasha ɗaya suke saurare. Ranar da ya samu ƙarfe, ba sai ya sake rubuta ƙwaƙwalwar daga farko ba.

Gazebo ita ce filin da keken zai yi yawo. MuJoCo, tare da wasu kayan harshen Python guda biyu, Gymnasium da Stable-Baselines3, su ne ajin da ake koyon faɗuwa da tashi.

Kyauta ce, amma kyautar da sai ka je ka ɗauko da kanka, kuma hanyar akwai ƙaya.

Ƙaya ta farko: kalmar sirri

ROS ta fi zama lafiya a kan Ubuntu, wani nau'in tsarin Linux, alhali kusan duk kwamfutar da ke shigowa kasuwanninmu da Windows take zuwa. Ana iya gudanar da Ubuntu a cikin Windows ta hanyar WSL, amma kwamfutarsa mai RAM gigabait 8 ba za ta ɗauki biyun a tare ta kuma ɗauki Gazebo ba. Don haka ya raba rumbun ajiyarta gida biyu, kowane tsari da ɗakinsa.

A nan ake asarar da ba ta dawowa. A cikin tambayoyin da Ubuntu ke yi lokacin ɗorawa akwai zaɓin goge rumbun gaba ɗaya, kuma wanda ya danna shi cikin gaggawa ya yi bankwana da duk takardunsa. Shi ya kwafe nasa a filash tukuna. Ni ma na yi haka, bayan ya tsare ni da ido ya ce, Yaya, hotunan aikinka fa.

Ya tsallake wannan, sai ya faɗa wani ramin da ɗan Najeriya ba zai taɓa sani ba. Maɓallan kwamfutarsa na Ingilishi ne, tunda daga Kano ta fito, shi kuwa hannunsa ya saba da na Faransanci da ya koya a lekol. A tsakanin biyun, A da Q sun yi musanyar gurbi, Z da W ma haka, M ya ƙaura, lambobi kuma a na Faransanci sai an danne wani maɓalli kafin su fito. Ya zaɓi tsarin Faransanci lokacin ɗorawa, ya rubuta kalmar sirri yana kallon haruffan da ke rubuce a jikin maɓallan. Daga baya ya mayar da saitin zuwa Ingilishi, kwamfuta ta ce ba ta san shi ba. Yini guda ya yi a ƙofar gidansa kafin ya gane abin da ya faru.

Ƙaya ta biyu: kowace ƙwarya da abokiyar burminta

Wannan ita ta fi cin sa kuɗi. ROS tana fitowa zubi-zubi, kowane zubi da sunan kunkuru, kuma kowane da Ubuntun da aka ɗinka shi dominsa. Humble, da ta fito a Mayun 2022, ta Ubuntu 22.04 ce. Jazzy, ta Mayun 2024, ta Ubuntu 24.04 ce. Gazebo ma haka: zubin Fortress ke tafiya da Humble, Harmonic ke tafiya da Jazzy.

Shi kuwa ya bi wani bidiyo a YouTube da aka ɗora shekarun baya, mai koyar da tsohuwar ROS da ake kira Noetic, wadda aka yi wa Ubuntu 20.04 kuma aka daina kula da ita a Mayun 2025. Tsohuwar Gazebo da bidiyon ke nunawa ita ma an yi mata ritaya a Janairun 2025. Kwana biyu yana kwafar umarni yana liƙawa, allo yana mayar masa da jan rubutu, data tana zurarewa. Ya ce ya ƙona kusan jaka uku kafin ya lura da kwanan watan bidiyon.

A ganina wannan shi ne darasin da ya fi kowane arha ga mai shirin farawa: a duba lambar Ubuntu, a je shafin ROS na asali a ga abin da ya dace da ita, a rabu da duk bidiyon da bai ambaci wannan lambar ba, komai daɗin bakin mai shi.

Da ya ɗora Jazzy, gwajin farko shi ne turtlesim, wani ɗan kunkuru a shuɗin fili da ake tuƙawa da maɓallan kibiya. Abin dariya ne a ido, amma idan kunkuru ya motsa, to tashoshin suna jin juna.

Ƙaya ta uku: waƙafi da aya

Wannan ni ta kama, kuma ita ma tamu ce ta ƙasashen da ke karatu da Faransanci. A lekol an koya mana rubuta ƙarfin jan ƙasa 9,81 da waƙafi. Fayilolin mutum-mutumi da aya suke rubuta shi, 9.81. Na saita Ubuntu ɗina da Faransanci, sai wata manhajar nuna hoton mutum-mutumi ta riƙa karanta lambobin a karkace: keken ya fito a dunƙule, tayoyi da gangar jiki duk a cure wuri ɗaya kamar an taka gwangwani. Fayil ɗaya ne da nasa, a tasa kwamfutar lafiya lau.

Maganin layi ɗaya ne, a gaya wa tsarin ya karanta lambobi irin na Ingilishi ta saitin LC_NUMERIC. Amma kafin mu gano layin mun sha shayi zagaye uku.

Ɓangaren koyo ya fi sauƙin ɗorawa. Ubuntu 24.04 ba ta yarda a zuba kayan Python kai-tsaye a cikin tsarinta, sai an keɓe musu ɗaki da umarnin venv. Bayan haka pip install mujoco ya wadatar, kuma MuJoCo kanta 'yan megabait ce. Tarkon yana wurin PyTorch, wadda Stable-Baselines3 ke dogaro da ita. Idan aka bar ta ta sauko yadda ta ga dama, za ta jawo kayan katin hoto na NVIDIA da suka haura gigabait 2, alhali kwamfutar ba ta da katin. Akwai zubin da aka yi wa kwamfuta marar kati, wanda bai wuce 'yan ɗaruruwan megabait ba, amma sai mutum ya nema da sunansa.

Wuta da data

Duk bayanan ɗora waɗannan manhajoji an rubuta su ne da zaton mai karatu yana da wuta dare da rana da intanet marar iyaka. A Nijar kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wutar lantarki, kuma a karkara abin ya fi haka ƙaranci nesa ba kusa ba. Jihar Maraɗi ta daɗe tana shan wutarta daga Najeriya ta layin da ya taso daga Katsina zuwa Gazawa. Mutanen nan ba su manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse wutar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka shiga watanni na duhu har sai da ECOWAS ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024.

Gidan su ɗalibin babu waya ko ɗaya da ta shiga. Batirin kwamfutarsa ya tsufa, ba ya kai awa guda idan Gazebo na aiki. Shi ya sa ya tare a shagon caji, inda farantan sola biyu da batir ɗaya ke ciyar da wayoyin unguwa. Mai shagon yana karɓar kuɗin waya uku a kan kwamfutar, kuma ranar da hadari ya rufe rana yakan ce a yi haƙuri, wayoyin mutane ne a gaba. Ranar Laraba haka muka zauna muna kallon allo baƙi.

Data kuwa, fayil ɗin Ubuntu 24.04 kaɗai ya kusa gigabait 6. ROS da Gazebo su ƙara ɗaruruwan megabait a kai. A ranar da na gwada da wayata, layin ya yanke sau biyu ana tsakiyar saukewa. Kamfanin Starlink ya fara aiki a Nijar a hukumance a Maris 2025, amma kuɗin na'urar da na wata ba na ɗalibi ba ne.

Dabarar da ya samo ita ce ta magabata: wanda ya je rijiya ya ɗebo wa gida. Yakan hau kabu-kabu zuwa Maraɗi, ya zauna inda intanet ke da ƙarfi, ya sauke komai sau ɗaya. Fayilolin da Ubuntu ke saukewa yana adana su ya kwafe a filash, na Python kuma ya tara su da umarnin pip download. Da wannan filash ɗin aka ɗora wa tawa kwamfutar kusan komai ba tare da na taɓa datata ba, kuma ya ce abokan karatunsa huɗu sun riga ni.

Ya kuma koyi rufe hoton Gazebo ya bar lissafi kawai yana gudana. Idan hoton na buɗe, agogon duniyar ƙaryar ba ya kai rabin saurin na gaske, fankar kwamfutar kuma ta riƙa kuka kamar injin niƙa.

Leburan da ya fi mai gona wayo

Daga sanda ya wuce zuwa wata dabba mai ƙafa biyu da ke cikin Gymnasium, wadda ake ba maki gwargwadon saurin da ta yi gaba. Wannan ba aikin minti goma ba ne. Taki miliyan guda a kwamfutarsa yana cin sa'o'i, wato caji biyu ko uku, don haka ya saita ta tana adana abin da ta koya lokaci-lokaci, kada wuta ta ɗauke a koma farko.

Da ya buɗe sakamakon wani horo da ya kwana biyu yana yi, sai ga dabbar ta kifa da baya tana jan jiki, ƙafafu a sama, kuma tana cin maki. Masu wannan fanni sun daɗe da sanin halin. An ce mata ta yi gaba, ba a ce da ƙafa ba.

Mahaifinsa, wanda ya leƙo ya ga abin da ke hana ɗansa zaman gida, bai sha wahalar ganewa ba. Ya ce ai ko ɗan ƙwadago ka ce za ka biya shi da yawan kunyar da ya kai ƙarshenta, zai kai ƙarshen duka kafin azahar, ciyawa kuma tana nan inda take. Rabin aikin mai horar da mutum-mutumi shi ne tsara ladan yadda ba za a yi masa irin wannan ba.

Akwai kuma bangon da dabara ba ta tsallake shi. Irin horon da aka yi a Zurich, na dubban kwafi a lokaci guda, yana buƙatar katin hoto mai ƙarfi. Isaac Sim ta kamfanin NVIDIA tana neman kati nau'in RTX da RAM gigabait 32, kuma kuɗin katin kaɗai ya ninka na kwamfutar ɗalibin. Google Colab yana ara wa mutum irin wannan kati ta intanet kyauta na ɗan lokaci, sai dai aro ne da ke buƙatar layi mai ɗorewa, kuma mai shi yana iya karɓe kayansa ana tsakiyar aiki.

Ƙasar kwamfuta da ƙasar Sarkin Yamma

Da safiyar rana ta uku na bi shi gona, kuma a can na ga girman abin da ke gabansa.

A cikin Gazebo ƙasa a shimfiɗe take, da tauri kamar siminti, santsinta lamba ɗaya ce da ake rubutawa. Gonar mahaifinsa jigawa ce, yashin da ƙafa ke nutsewa a ciki, taya kuma ta yi ta juyawa wuri ɗaya tana haƙa wa kanta rami. Idan aka gangara fadamar Gulbin Maraɗi kuma laka ce mai kama takalmi. Gonakin da ke cikin misalan da ya sauke layuka ne miƙaƙƙu na shuka iri ɗaya. A nan gero da sungumi aka shuka shi, rami-rami, taki guda tsakani, wake na yaɗo a ƙarƙashinsa, ga gawo a tsakiya, ga kututturan da manoman Maraɗi suka koma raino tun shekarun 1980 maimakon sarewa. Kyamarar da aka horar da hotunan gonakin Turai ba ta san ƙuduji ba, balle ta bambance shi da abin da aka shuka.

Masana suna rage wannan giɓi ta hanyar rikita duniyar ƙaryar da gangan: yau santsi, gobe kaushi, a sauya nauyi, a sauya haske, har mutum-mutumin ya saba da rashin tabbas. Da wannan dabarar hannun OpenAI ya yi nasara. Amma yashi mai zurarewa yana cikin abubuwan da waɗannan manhajoji suka fi kasa kwaikwaya, kuma babu wanda zai zo daga waje ya auna yashin Madarunfa ya zuba a fayil. Ɗalibin ya fara da abin da yake iyawa: ya auna tazarar ramukan gero da igiya, ya ɗauki hotuna da waya, yana sake gina gonar a kwamfuta da gawonta.

Tambayar da na yi masa, wadda na san mai karatu ma zai yi, ita ce ko ana buƙatar wannan a garin da hannun noma ya fi aikin yawa, har samari ke tafiya ci-rani da rani. Bai yi gardama ba. Ya ce shi ma bai ga ranar da mahaifinsa zai ajiye hauya ya sayi keke mai tuƙa kansa ba.

Ni ma ban gani ba. Amma abin da ya koya a hanya ba na keken ba ne kaɗai. Wanda ya iya sa na'urar aunawa ta yi magana da inji ta hanyar lissafi, ya iya sarrafa famfon sola a fadamun Jiratawa. Ɗan Nijar Abdou Maman Kané da irin wannan ilimin ya ƙirƙiro ban-ruwa ta wayar salula, wanda ya ba shi babbar kyautar ruwa ta duniya ta Sarki Hassan na Biyu a 2015. A Yamai, Abdoul Aziz Kountché ya kafa kamfanin Drone Africa Service mai haɗa jirage marasa matuƙi. A Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, Farfesa Ibrahim Baoua da abokan aikinsa sun shafe shekaru suna yaƙar murzuna, tsutsar da ke cin zangarniyar gero, ta hanyar sakin wani ɗan ƙwaro da ke kashe ta. Aiki irin wannan yana buƙatar ido a gonaki masu yawa lokaci guda, kuma a nan kyamara mai ganewa za ta fi keken noma saurin samun gurbi.

Maƙwabta ma sun motsa. Mali tana da cibiyar RobotsMali a Bamako tun 2017. Najeriya ta buɗe cibiyar ƙirƙirarriyar basira da mutum-mutumi ta ƙasa a Abuja a Nuwambar 2020, Jami'ar Bayero ta Kano kuma tana da sashen da ke haɗa injiniyancin inji da lantarki da kwamfuta. Gasar mutum-mutumi ta Afirka, PARC, wadda Dakta Sidy Ndao ɗan Senegal ya assasa, tana gudanar da zagayen farko na rukunin injiniyoyi a duniyar kwaikwayo da ROS da Gazebo, kuma a 2023 aikin da ta bayar na mutum-mutumin gona ne mai bin tsakanin layuka yana gano ciyawa. Ma'ana, ɗalibi zai iya shiga daga benci irin wannan, ba tare da ya mallaki ko ƙusa ba.

Abin da ya fi ci masa tuwo a ƙwarya, in ji shi, harshe ne. Bayanan duka da Ingilishi suke, karatunsa da Faransanci ya yi, tunaninsa kuma da Hausa yake yi. Jan rubutun kuskure yakan kwafe shi ya fassara zuwa Faransanci a waya, sannan ya zauna ya warware wa kansa da Hausa. Yana da wani littafin rubutu mai bangon shuɗi da ya cika rabinsa da kurakuran da ya ci karo da su da maganin kowane, Hausa da Faransanci a cakuɗe. Kuskuren waƙafi da ya kama ni shi ne na 31.

Ranar da zan tafi na same shi ya ɗora keken a gonar da ya gina. Keken ya bi tsakanin ramukan gero bakwai daidai, a na takwas ya karkata ya daki gawo, ya tsaya yana juya taya. Ya ɗauki biro ya rubuta wani abu a littafin, ya sauya lamba ɗaya a fayil, ya mayar da keken bakin gona. Mai shago ya leƙo ya ce batir ya yi ƙasa, saura minti ashirin ya cire shi.